Waiwaye: Yadda Tambarin Jiragen Yaƙi Ya Riƙa Sauya Kama

Masu haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda Airfix da Tamiya ke sayarwa gutsi-gutsi a kwali, sun fi gardama a kan tambari fiye da fenti ko gam. Ba banza ba, domin tambarin da ke kan fiffike shi ke nuna shekara. Ka manna na 1943 a jirgin da ya yi yaƙi a 1941, wanda ya san harkar zai gane tun daga bakin ƙofa.

Faransa ce ta fara a 1912, da da'ira mai launin tutarta: shuɗi a tsakiya, sai fari, ja a baki. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ingila ta zana tutarta a jikin jirage, amma daga nesa gicciyen tutar ya yi kama da baƙin gicciyen Jamus, sojojinta na ƙasa suka riƙa buɗe wa nasu wuta. Kafin 1914 ta ƙare ta ari da'irar Faransa, ta juya launukan.

Galibin sauye-sauyen da suka biyo baya, tsoron harsashin ɗan'uwa ne ya haife su. Amurka ce ta fi shan wahala. Farin tauraronta na cikin shuɗiyar da'ira yana da jan ɗigo a tsakiya, ga Japan kuma jar rana ce tambarinta. Matuƙin da ke cikin ruwan harsashi ba shi da lokacin tantancewa, ja kawai yake gani. A watan Mayun 1942 aka goge ɗigon. A watan Yunin 1943 aka ƙara fararen sanduna a gefe biyu, saboda ido ya fi saurin kama siffa daga nesa fiye da launi, aka zagaye su da jan layi, wanda bai yi wata uku ba aka mayar da shi shuɗi. Wannan jan layin ne tarkon da sababbin shiga ke yawan faɗawa. Jan zanen da ke cikin sandunan yau kuwa sai a 1947 ya zo.

Na Jamus ɗin Hitila matsalarsa ta shari'a ce. Dokar Jamus ta hana nuna suwastika, wato gicciyen nan mai lanƙwasassun hannuwa na 'yan Nazi, don haka wasu kamfanoni ba sa saka ta cikin sitikar kwalin, wasu kuma sukan raba ta biyu, mai haɗawa ya haɗa da kansa. Abin ya shafi har jiragen Finlan, alhali shuɗiyar suwastikarsu ta girmi mulkin Nazi: a 1918 wani basaraken Suwidin, Eric von Rosen, ya ba su kyautar jirgi ɗauke da ita, suka riƙe ta har 1945.

Gidan nan bai tsaya a Turai ba. Ɗan Eric, Carl Gustaf von Rosen, shi ne ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen MFI-9 a 1969, ya kai hari kan filayen jiragen Fatakwal da Binin da Inugu. Rundunar sojin saman Najeriya da ya auka wa shekararta biyar kacal a lokacin, don a 1964 aka kafa ta da taimakon Jamus ta Yamma, kuma da'irar kore-fari-kore da take amfani da ita ta bi tsarin nan da Faransa ta fito da shi.