Don Allah a daina sayar da abincin tamowa

Assalamu alaikum iyayena mata da yayyena maza. Satin nan kaɗai yara 3 aka dawo min da su sashen tamowa, kuma dukkansu ni na ƙirga wa iyayensu abincin da hannuna na rubuta a kati. Ɗaya yarinya ce 'yar wata 14, 'yan bindiga ne suka koro su daga ƙauyensu, sati 3 tana karɓa amma da na ɗaura mata ma'auni a damtse yana nan a ja, alamar tamowa mai tsanani, kamar ranar farko, ƙafafu ma sun fara kumbura, ki danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na ce wa uwar, baiwar Allah ina abincin ya tafi? Ta sunkuyar da kai, can ta ce anti yaran gidan su 6 ne, ya za ta yi ta ba ɗaya sauran na kallo, ragowar kuma maigidan ya kai wa mai shago ya karɓo garin masara.

Wallahi na kasa yi mata faɗa, don ni ma uwa ce, na san zafin yaro ya tsare ki da ido. Amma dole in faɗa in ƙara faɗa, wannan abin da kuke kira madarar kwamaso magani ne, magani! In likita ya rubuta wa ɗanki allura ai ba ki cewa a raba da 'yan uwansa. Eh gyaɗa ce da madara da sukari da mai, shi ya sa yake da daɗi, amma an auna shi ne da nauyin wannan yaron da ya rame, in kin rage leda 1 a rana kin rage masa magani kenan.

Ku kuma maza da ku nake faɗan gaske. Haba! Gardi da gemunsa ya zauna a teburin mai shayi ya yage ledar Plumpy'Nut, wato abincin tamowar nan, ya shafa a burodi yana santi, wai ƙarin ƙarfi. Na gani da idona a tasha, an jera a faranti kamar alawa. Kai mai saye kai ne babban mai laifi, don da babu kai da ba a sayar ba, kuma a jikin katan ɗin an rubuta ba na sayarwa ba ne. Har cikinmu ma'aikata akwai masu ɗan hali, ba zan ɓoye ba, Allah ya shirye mu.

Da yawa sun ɗauka abin nan rijiya ne da ba ta ƙafewa. To ta fara ƙafewa. Tun Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka USAID, Ingila da wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu, sito ya fara zama fayau. A Yulin 2025 hukumar abinci ta duniya WFP ta yi gargaɗin cewa cibiyoyin tamowa sama da 150 a Borno da Yobe za su rufe saboda rashin kuɗi, yara fiye da 300,000 ke dogara da su. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF kuma ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar. Kuma ɗan abin da ya rage ba mu kaɗai ke jiransa ba, yaran Sudan na jira, na Gaza na jira, kowa da irin wannan katan ɗin yake kuka. Katan 1 leda 150 ne, kusan maganin yaro guda kenan daga farko har ya tashi. Duk katan ɗin da ya shiga kasuwa akwai yaron da zan kalli uwarsa in ce yau babu, ku dawo wani satin, kuma wasu ba sa dawowa.

To ga abin da nake roƙo, a gurguje:

Yaron da aka rubuta wa shi kaɗai zai ci, adadin da aka ce.
Kar a dama da ruwa ko a zuba a kunu, a wanke hannu a ba shi daga leda, sai ruwan sha mai tsabta.
Mai shan nono a fara ba shi nono kafin abincin.
In ya ƙi ci, ko amai, gudawa, zazzaɓi ko kumburi, a taho ranar, kar a jira ranar awo.
Ledojin da ya shanye a dawo min da su, zan ƙirga.

In yunwa ce ta yi yawa a gidan ki faɗa min gaskiya hajiya, ba zan kore ki ba, sai mu auna sauran yaran mu ga wanda ya kamata ya shiga. Ita yarinyar nan mun tura ta asibiti an kwantar da ita saboda kumburin, babanta kuma na aika a kira min shi, gobe da safe za mu zauna da shi a gaban mai unguwa.