Bilicin ɗin da ake cewa halittun teku suna yi: me kalmar take nufi?

Tun da hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa murjanin duniya, wato ƙananan dabbobin da ke gina duwatsu masu launi a ƙarƙashin teku, ya shiga annobar rasa launi ya koma fari fat, wadda ake kira bilicin, karo na huɗu, bayan na 1998 da na 2010 da na 2014 zuwa 2017, kalmar bilicin ta samu sabuwar shimfiɗa a bakin masu karanta labarai. Mai saurare a Ringim ko Gwarzo, wanda bilicin ɗin da ya sani shi ne na man shafawa, sai ya ɗauka wani sinadari ake tuttulawa a teku yana ɗauraye launin duwatsu. Wani mai fassarar ma kan ce murjanin ya mutu kawai, ya wuce. Duka biyun kuskure ne. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na uku: bidiyoyin akwatin gilashi da matasa ke turawa juna a waya, da farin anemoni fat a tsakiya yana kaɗa yatsu, ana ta yaba kyansa, har wasu na tambayar inda ake sayarwa. Abin da ake yabawa ɗin yunwa ce take cinsa.

Anemoni dabba ce, ko da yake ido zai ce fure ne. Dangin murjani ne, ba ƙashi, ba ido. Yana da tafin ƙafa guda mai manne wa dutse, da baki a tsakiya wanda ta nan abinci ke shiga ta nan kuma kashi ke fita, sai yatsu masu harbi kewaye da bakin. Yawancin irin da ake kiwo a gilashi daga tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya suke fitowa, wato har da ruwan da alhazanmu ke hangowa a Jidda.

A nan kalmar ta yaudare mu. Launin fatar ɗan Adam jikinsa ne ke yin sa, man bilicin kuma hana jikin yin sa yake yi. Ruwan ƙasa-ƙasan da ke jikin lafiyayyen anemoni kuwa launin wata baƙuwa ne da ya saukar a gidansa. Wata gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya, wadda ido ba ya gani, masana na kiranta zooxanthellae, tana zaune miliyan-miliyan a cikin naman jikinsa. Ita ke karɓar haske ta haɗa sukari kamar yadda ganye ke yi, ta ci, ta ciyar da maigida, shi kuma ya ba ta mafaka da abin da jikinsa ya fitar, wanda a wurinta taki ne. Manomin da ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa ya riga ya san irin wannan zaman: ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙullin suna haɗa wa shukar taki, ita kuma tana ciyar da su, shi ya sa gonar da aka cire gyaɗa take yi wa dawa kyau a shekara mai zuwa. To, a ce wata rana gyaɗar ta kakkaɓe ƙulle-ƙullenta duka. Ba za ta faɗi nan take ba, amma ta sallami mai yi mata hidima. Haka abin yake a teku. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da ko digiri ɗaya na tsawon makonni, ko haske ya sauya farat ɗaya, gansakukar takan fara fitar da abin da ke cutar da maigida, sai ya amayar da ita. Jikin ya zama garau, fari ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, kuma yana iya farfaɗowa. Ni da za a bi tawa, da an bar cewa bilicin an ce koɗewa, domin Bahaushe na jin an ce abu ya koɗe ya san ba lafiya.

Saboda haka mai son sa anemoni a akwatinsa, zaɓe ne aikinsa na farko. Ya nemi mai ruwan ƙasa ko kore ko ja mai kauri, bakinsa a tsuke, yatsunsa na kama abin da ya taɓa su, tafin ƙafarsa ba yagewa. Entacmaea quadricolor, mai kumburarrun kan yatsu, ya fi sauran haƙuri. Heteractis crispa kuwa sau da yawa a koɗe ake kawo shi kasuwa, fari mai ɗigon shunayya, wani lokacin ma an rina shi rawaya don ya ja ido. A bar shi.

Akwatin ya zama ya yi aƙalla wata shida yana aiki, ruwansa ya zauna, amoniya, gubar da ƙazantar halittun ruwa ke haifarwa, ta koma sifili. Gishiri giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar aunawa, kuma gishirin teku na musamman da ake haɗawa don wannan aiki. Na miya bai isa ba, don babu sauran ma'adanan da ruwan teku ke ɗauke da su, balle a ce kanwa. Ruwan rijiyar burtsatse sai an tace shi da matatar RO, mai cire gishiri da sinadaran da suka narke a ruwa. Duk maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki kisa ne ga anemoni.

Ranar da ya iso, a ɗora ledar a rufe a kan ruwan akwatin minti ashirin don zafinsu ya daidaita. Sannan a juye shi a roba mai tsabta, a ja ruwan akwatin da siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, ɗigo biyu ko uku a daƙiƙa, na kusan awa ɗaya. A kashe injinan kaɗa ruwa, a sa safar hannu, a ajiye ƙafarsa a bakin wani kogon dutse. Entacmaea quadricolor yana son ƙafa a duhu, yatsu a haske. Idan ya kama, a kunna injin a hankali, amma a fara rufe bakin kowane inji da soso ko raga, domin anemonin da wuri bai yi masa ba sakin dutse yake yi ya bi ruwa, kuma in fanka ta ja shi ta niƙe, ruwan duka ya lalace a dare ɗaya.

Zai yi yawo. A ƙyale shi. Masu dashen tumatir a Kadawa sun san ba a tuge dashe kullum don a duba ko ya kama. Ɓamɓare shi daga dutse da ƙarfi yaga ƙafa yake yi, yagaggiyar ƙafa kuma ruɓewa take yi. Fitila a fara da rabin ƙarfinta, a riƙa ƙarawa cikin mako uku ko huɗu. Abinci sai bayan kwana biyar zuwa mako guda: ɗan yankin jatan lande ɗanye da bai wuce ƙwayar wake ba, sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya riga ya koɗe a ba shi sau uku, tunda ba mai dafa masa a ciki, kuma a ɗage sa masa kifin nan mai ruwan lemo da farin zane da ke zama cikin yatsun anemoni, don gogar da yake yi masa wahala ce ga mara lafiya. In ya fara komawa ruwan ƙasa, murna za a yi, ko da yake sai an yi watanni. Lanƙwamewa na 'yan awanni yana fitar da baƙin zare daga baki ba komai ba ne, bayan gida yake yi. Baki a wangame kwana da kwanaki, nama na zagwanyewa, ga wari, wannan mutuwa ce, a cire shi nan take a sauya ruwa.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 26 dare da rana. A Jigawa da Kano zafin Afrilu da Mayu na haura 40, ruwan da ke ɗaki mai rufin kwano kuwa ya wuce 30 cikin sauƙi, daidai zafin da ke koɗar da murjanin Ostireliya. Fanka a saman ruwa tana rage kaɗan, amma tana ƙara tsotse shi, gishiri ya yi yawa, haka ma iskar hunturu, don haka kullum a cika gurbin da tataccen ruwa mara gishiri. Maganin zafin na gaskiya injin sanyaya ruwa ne, shi da fitila da injin kaɗa ruwa kuma duk wuta suke so wadda ba ta ɗaukewa. Wanda solarsa da batirinsa ba za su kai shi asuba ba, anemoninsa zai yi fari kafin damina ta sauka.