Kashe Kwamfuta: Tambayoyin da Aka Fi Yi

Yaya ake kashe kwamfuta yadda ya kamata?

A fara adana aikin da ake yi, a rufe manhajoji. A Windows sai a danna Start, a taɓa alamar wuta, a zaɓi Shut down. A Mac kuwa umarnin yana ƙarƙashin alamar tuffa, a saman allo ta hagu. Kada a zare wayar wuta ko a tura kwamfutar cikin jaka sai fanka ta yi shiru, fitilu sun mutu.

Na kashe na kunna, amma matsalar tana nan. Me ya sa?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, akwai wani tsari mai suna Fast Startup. Idan aka danna Shut down, kwamfutar ba ta zubar da komai, sai ta kwashe halin da zuciyar Windows take ciki ta ajiye a fayil ɗin hiberfil.sys, domin ta tashi da sauri. Ke nan idan wani abu ya cije, misali firinta ta ƙi amsawa ko Wi-Fi ya ɓace, yana iya dawowa yadda aka bar shi. Restart ne ke share fage a fara daga tushe. Mai son kashewa ta gaske sai ya danne Shift yayin da yake danna Shut down.

Sleep fa?

Barci ne mai sauƙi: aikin yana nan a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wuta kaɗan na riƙe da shi, cikin daƙiƙu za a ci gaba. Ya dace da ɗan hutu. Amma a kwamfutar tebur, idan wuta ta ɗauke, abin da ba a adana ba yana iya salwanta. Hibernate kuwa, wato dogon barci, yana rubuta komai a faifan ajiya na kwamfutar, ya kashe wutar gaba ɗaya.

Laifi ne a danne maɓallin wuta har ta mutu?

Sai in ta sandare, linzami da madannai duk sun ƙi motsi, ko Ctrl, Alt da Delete ba su amsa ba. Dannewa ta daƙiƙa biyar zuwa goma yanke wuta ce kai tsaye. Fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa yana iya lalacewa, in kuma ana cikin sabunta Windows ne, tana iya ƙin tashi kwata-kwata.