Futin bayan shekara 50, da ciwo, da rashi: tambayoyin da ake yawan yi

Duk mai bi ta Stade Seyni Kountché bayan sallar asuba ya san ba samari kaɗai ke zagaye ba, akwai dattawa masu furfura, akwai hajiyoyi da hijabinsu da baskat. Amma a gidaje da yawa nan Yamai, da mutum ya haura 50 ko lokotoro ya ce mishi yana da tansiyo sai 'ya'ya su ce Baba zauna ka huta, alhali zaman nan ne ke cinye shi.

Na kai 55, rabona da gudu tun lekol, ban makara ba?

Ba ka makara ba Alhaji, amma kar ka fara da gudu. Tsoka tana fara raguwa tun wajen shekara 30, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri, wanda ba ya motsi tashi ta fi saurin raguwa. Shawarar da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato ko minti 30 na tafiya da sauri kwana 5 ya biya. Yadda za ka gane saurin ya yi daidai, kana iya hira da na kusa da kai amma numfashi ya ɗan hau. In ka yi sati da dama haka ba matsala, sai ka sa gudun minti 1 tsakanin tafiyar minti 2. Wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen tsayuwa sau 3 a sati, tashi daga kujera ba dafawa, tsayawa da ƙafa ɗaya kusa da bango, don faɗuwa a makewayi da karayar ƙugu ta kwantar da tsofaffi da yawa fiye da yadda ake zato.

Ba gudu ne ke lalata gwiwa ba?

Gudu daidai wa daida ba ya cinye gwiwar da ke lafiya, ƙiba da tsohon rauni sun fi yi mata illa. In ta kumbura ko ciwon ya kwana biyu bai sauka ba a koma tafiya, a bar gudron a bi ƙasa, kuma don Allah ba da silifa ba.

Ina da tansiyo da ciwon suga, in yi?

Ki yi Hajiya, amma ki fara zuwa a auna. Daga 14/9 ake kiran shi hawan jini, in ya kai 18/11 ranar ba futin, likita za a nufa. Motsa jiki yana sauke tansiyo kaɗan amma ba ya maye gurbin magani, wannan wurin ne mutane ke cutar kansu, sun ji sauƙi sai su aje ƙwayoyin. Mai shan insulin ko ƙwayar da ke sauke suga ya riƙe dabino a aljihu, in ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi ya tsaya ya ci, ya kuma duba tafin ƙafa in ya dawo saboda mai suga ba kullum yake jin ƙaramin gyambo ba. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take.

Zafin Afrilu fa, da azumi?

Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40, to ko asuba ko bayan magariba, da gorar ruwa. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙetaren Gadar Kennedy, mai asma ya yi nashi cikin gida. Da azumi bayan buɗa baki ya fi.

Na tashi daga masassara, yaushe zan koma?

Muddin jiki da zazzaɓi babu gudu sam. A gama maganin, ci ya dawo, sannan a fara da rabin abin da aka saba.

Tun rasuwar maigidana ban da ƙarfin komi, me tafiya za ta yi mini?

Allah ya jiƙan shi, ya ba ki haƙuri. Tafiya ba ta ɗauke baƙin ciki, kar wani ya yaudare ki, amma tana taimaka ma barci da cin abinci, su ne kuwa suka fara lalacewa in an yi rashi. Marigayi Fauja Singh, wani dattijo ɗan Indiya da ya zauna Ingila, ya kama gudu ne bayan mutuwar matarshi da ɗanshi, ya yi maraton na Landan, gudun kilomita 42, a 2000 yana 89, ya sake gama na Toronto a 2011 yana 100. Ba ana cewa ki bi sawunshi ba ne, shi dai ya nuna jiki na karɓa ko a wannan shekaru. Cikin takaba, wata 4 da kwana 10, tsakar gida ma ta isa, minti 10 da safe minti 10 da marece, ki sa ƙanwa ko ɗiya ta riƙa zagayawa tare da ke don ranar da ba ki so ita za ta tashe ki. In kuma watanni sun shuɗe ba barci ba ci, kuka kullum, ki faɗa ma lokotoro kai tsaye, wannan ma ciwo ne da ake magani.