Ƙafa ta kumbura, ciki ya tashi: ko zuciya ce?

Me ya haɗa kumburin ƙafa da zuciya?

Ɓangaren dama na zuciya ne ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu. In ya gaza, sai jinin ya taru a jijiyoyi, ruwa ya tsattsafo ya kwanta inda ya fi gangare, wato ƙafafu.

Ta yaya zan gane irin wannan kumburi?

Danna ƙaurinka da babban yatsa, ka ɗan riƙe. In ka ɗaga, rami zai zauna kamar ka danna curin fura. Ƙafa biyun yake kamawa, kuma takalmin da ya shiga da hantsi sai ya matse da la'asar. Wanda ya daɗe a kwance kuwa, a gadon ƙugu ruwan ke taruwa. In abin ya yi nisa, ciki ya cika da ruwa, hanta ta kumbura ta riƙa ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jijiyoyin wuya su fito raɗau ko mutum na zaune. Loma biyu ya ƙoshi, ga kasala, ga yawan tashi fitsari da dare. Ƙaruwar fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba.

Me ke jawo shi?

Galibi ɓangaren hagu ne ya fara gazawa, sau da yawa saboda hawan jini. Akwai kuma daɗaɗɗen ciwon huhu, irin na taba, hayaƙin itace ko tabon tarin fuka.

Maijego fa?

Nan ne hankalina ya fi tashi. Ciwon zuciya na bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, amma sau nawa maijego kan kumbura a ce ai jego ne ya karɓe ta, a ƙara mata kunun kanwa? Kanwa kuwa, kamar gishiri da dunƙulen Maggi, riƙe ruwa take yi a jiki. In tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, a kai ta babban asibitin Maradi a ranar.

Ko in sayi maganin fitsari in sha?

A'a. Ƙoda da hanta ma suna kumbura mutum, sai likita ya yi awon jini da hoton zuciya kafin ya rubuta furosemide, maganin da ke fitar da ruwan ta fitsari. A kuma guji magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen na 'yan tebur, don suna ƙara kumburin.