Daga jigo zuwa sola: yadda muka taho da ban-ruwa a fadamun Kebbi

Duk wanda ya bi hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi da rani, ko ya gangara wajen Bunza da Suru, zai ga wani abu da shekarun baya kaɗan ko a labari ba ka cika jin sa ba, farantan sola an jingine su a bakin gona suna kallon rana, ruwa na ta kwarara cikin fangalin shinkafa, babu ƙarar inji babu hayaƙi. Wasu na ɗauka abin yayi ne kawai ya zo. Ni dai a gani na wuya ce ta koro mu nan, kuma wuyar nan ba jiya ta fara ba.

Zamanin kakanninmu gulbi ne ke yin ban-ruwan da kansa. Damina in ta yi nisa, ruwan Rima da na Sakkwato su haɗu su cika su malale fadama, can ƙasa kuma gulbin Zamfara ya biyo ta Jega ya ƙara musu, shinkafar gargajiya mai dogon kara tana bin ruwan tana tashi, in ya janye ya bar laka mai taki da danshi a shuka wani abin a kai, masunta kuma su samu kifi a tafkunan da ya bari. Mai son lambu da rani sai jigo, doguwar sanda da curin laka a baya da guga a gaba, ka yini kana ɗagawa kana juyewa kafaɗa kamar za ta cire, kuma duk ƙoƙarinka 'yar gonar albasa ko tattasai ce ba ta wuce ka taka ta cikin minti biyu ba.

Sai fari ya zo, na wajen 1973 da na 1984, waɗanda har yau tsofaffi in suna labari sai ka ga jikinsu ya yi sanyi. Gwamnati ta ce maganin abin shi ne manyan madatsun ruwa. Aka gama Bakolori a 1978 kusa da Talatar Mafara, yanzu cikin Zamfara, aka gama Goronyo a 1984. Bakolori kam ba a taɓa ambatonta ba tare da an tuna Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya aka tura musu 'yan sanda, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin na cewa ɗaruruwa ne suka rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya samu na ƙasan dam ɗin, ruwan da ya saba malale fadama ya ragu, shinkafar da ta dogara da shi ta ja baya a ƙauyuka da yawa aka koma gero da dawa, kifi ma ya yi ƙasa. Kafin nan ma mutanenmu na ƙasar Yawuri sun riga sun ɗanɗana, don a 1968 da aka gama Kainji ruwa ya ci garuruwa aka tashi mutane sama da dubu 40 tsakanin Yawuri da Borgu. Wutar Kainji ai tsabtatacciya ce irin wadda ake ta wa'azi a kai yau, amma je ka tambayi ƙauyukan bakin tafkin nawa ne suka ga wutar da idonsu. Shi ya sa in aka zo min da maganar makamashi mai tsabta abu na farko da nake tambaya shi ne, a hannun wa zai zauna.

Abin da ya canja noman rani da gaske ba dam ba ne, ƙaramin inji ne. Daga shekarun 1980 aka fara, sai shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 ya baza shi ko'ina, daidai lokacin da jihar Kebbi ma take jaririya tunda a 1991 aka cire ta daga Sakkwato. An gane cewa ruwa na nan kwance a ƙarƙashin fadama ba nisa, sai a kafa bututu, a ɗaura ɗan injin fetur mai inci biyu ko uku wanda mutum zai ɗora a bayan mashin ya kai gona ya dawo da shi gida da yamma. Wallahi wannan injin ya yi wa talaka aikin da manyan kwangiloli ba su yi masa ba, albasar Aliero da ake lodi har ƙetare shaida ce. Sai dai fa tun ranar manomi ya ɗaura gonarsa a bakin famfon gidan mai, bai ankara ba don man na da araha.

Da Buhari ya zo Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da bashin manoma na Anchor Borrowers na Babban Banki, abin ya zama kamar guguwa, malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ɗan kabu-kabu, kowa ya nemi fadama, aka yi Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2016, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, aka rufe boda a 2019 farashi ya ƙara tashi. Ambaliyar 2020 kuma ta zo ta share shinkafar damina a faɗin jihar, mutane da yawa suka ƙara yarda cewa rani ya fi tabbas. To duk wannan shinkafar ta rani a kan fetur take tsaye, wata uku zuwa huɗu kana ba ta ruwa kusan duk bayan kwana biyu ko uku.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuma wannan a gidan mai ne, manomin ƙauye wajen 'yan bumburutu yake saya da jarka. Wasu suka rage gona, wasu suka bar shinkafa tana tsaka da fitar da kai ta bushe don babu na mai, kuma duk wanda ya taɓa ganin wannan ya san ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Makanikai suka fara canja kafireta ana haɗa inji da tukunyar gas ta girki, ya ɗan taimaka, sai gas ɗin ma ya bi sahu.

Nan ne sola ta samu ƙofa. Kuma ta dace da mu sosai, don lokacin da shinkafa ta fi shan ruwa, Maris da Afrilu, shi ne lokacin da rana ta fi ƙwallewa, ba sai da batir ba ma, rana ta fito famfo ya tashi ta faɗi ya tsaya. Farashin farantan a duniya ya faɗi da sama da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, da ba don haka ba da ko kallonsu ba za mu iya ba. Masu rajin muhalli sun daɗe suna faɗa, Najeriya ta je taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo a 2021 ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta tare hamada, kuma gaskiya suka faɗa, amma ba taron otal ne ya shawo kan manomi ba, lissafin aljihu ne.

Abin da ke damuna yanzu ba ɗaya ba ne. Kuɗin sayen kayan a dunƙule yake, mai ƙarfi ya saya ya huta da mai har shekaru, ƙaramin manomi kuma yana nan yana sayen lita biyu-biyu, kaga tazarar sai ƙara faɗi take. Gwamnatin jiha ta raba famfunan sola kuma an gode, amma manoman sun fi famfunan yawa nesa ba kusa ba, abin da ake buƙata shi ne hanyar biya kaɗan-kaɗan bayan girbi ko a haɗu mutum huɗu biyar a kan guda ɗaya. Ga jabun faranti sun cika kasuwa, ga ƙurar hunturu da in ba a goge ba ƙarfin ya ragu, ga ɓarayi da sai ka kwashe komai ka kai gida kullum, ga ƙarancin yaran da suka iya gyara a ƙauye.

Sai wanda ya fi tsaya min a rai, ruwan ƙasan kansa. A da tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji da zarar fangali ya cika, yanzu ba abin da zai sa ya kashe, sai ka tarar an bar famfo na zuba tun hantsi har la'asar ruwa na bin hanya. Ruwan nan kuwa malalar damina ce ke mayar da shi, wadda dam ya riga ya rage tun 1978, kuma ƙaramin injin da ke zuƙa daga sama in ruwa ya yi ƙasa da kamar mita bakwai ko takwas ba ya iya jawo shi, mai famfon da ake zurawa can ciki zai ci gaba da sha, maƙwabcinsa mai ɗan inji kuma sai dai ya ji bututu na tari.