Barkonon Jamaika

Barkonon Jamaika busassun ƴaƴan wata itaciya ne mai suna Pimenta dioica, dangin kanumfari da gwaiba. Asalinta tsibiran Karebiyan ne da kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya. Ba ya da zafi a baki. Ƙwayarsa ta fi ta masoro girma, launinta ƙasa-ƙasa, ƙamshinta kuwa na kanumfari ne da kirfa a haɗe.

Itaciyar tana son laima da ruwan sama fiye da milimita 1000 a shekara. Zinder ba ta samun ko rabin haka, ga iskar hunturu mai ƙona ganyen dashe, don haka nomanta a gonar tudu ɓata wahala ne. Mai lambu a Mirriya, kusa da Zinder, da ya nace sai ya tanadi inuwa da shinge da ban ruwa rani da damina. Irin da aka sayo daga mai kayan yaji ba ya tsirowa, domin shanya ta kashe shi. Daga nunannun ƴaƴa ake cire iri a shuka nan take. Akwai itace namiji da mace, ba a kuma rarrabe su sai sun yi fure, bayan shekara 5 ko 6. Shi ya sa manoma ke yi wa dashe aure da reshen mace mai haihuwa, su bar namiji ɗaya ga mata kamar goma.

Ana tsinke ƴaƴan sun ƙosa amma suna kore shar, don in suka nuna ƙamshin ya ragu. A shanya su a rana kamar mako guda, ana juyawa, ana kwashewa kafin raɓa. In aka girgiza ƙwaya aka ji iri na kaɗawa ciki, ta bushe. Wadda aka ɗura a buhu da sauran danshi fumfuna take yi.

A tukunya, ƙwaya 5 ko 6 sun ishi farfesun kilo guda na naman rago; a jefa su tun farkon dahuwa, a tsame kafin a zuba. Ga yajin tsire ko balangu, a ɗan gasa su a busasshen kasko, a daka da citta da masoro, rabin ƙaramin cokali ga kilo guda. Sai a rage kanumfari ko a bar shi ɗungurungum: man da ke ba su ƙamshi iri ɗaya ne, in suka taru da yawa romo ya yi ɗaci, harshe ya yi nauyi. Garinsa yana sanewa cikin ƴan watanni, balle a zafin bazara, gara a ajiye ƙwaya a kwalba mai marfi a riƙa daka na buƙata.